Cardigan a kan doki: abin da masu zane suka nuna da abin da suka bari

A gidan tarihin sojojin Birtaniya da ke unguwar Chelsea a Landan akwai wani zane da Francis Grant ya yi wajen shekarar 1841. Wani dogon mutum ne a kan doki, ya zauna daram a sirdi, ƙirjin rigarsa ya sha adon zaren zinariya, wata gajeriyar riga mai gashi a baki tana rataye a kafaɗarsa, wandonsa ja wur. Wannan shi ne James Thomas Brudenell, na bakwai a jerin waɗanda suka riƙe sarautar Earl na Cardigan, kuma kwamandan runduna ta 11 ta sojan doki da ake kira Hussars. Wanda ya tsaya gaban zanen bai san labarin mai shi ba, zai iya rantsuwa cewa wannan barde ya sha artabu a fagen fama. To amma a lokacin da aka zana shi ya haura shekara 40 a duniya, ya yi shekara 17 cikin kakin soja, kuma ko sau ɗaya bai taɓa shiga yaƙi ba. Sai bayan wasu shekaru 13 ya ga yadda igwar abokan gaba ke cin mutane.

Abin da ya sa zanukan mutumin nan suka cancanci a tsaya a kansu shi ne, kusan kowanne an yi shi ne a daidai lokacin da ake jayayya a kan mutuncinsa. Zanen yakan zo ne a matsayin amsa ga masu suka. Idan aka ɗauki kowane zane aka ajiye shi kusa da abin da ke faruwa a shekarar da aka yi shi, sai a ga yadda masu sarauta da dukiya a Ingila ta ƙarni na 19 suke gina sunansu, a kuma ga lokacin da wannan dabara ta fara daina ci.

Sai an fahimci yadda ya sami wannan kaki kafin a fahimci zanen. A sojan ƙasa na Birtaniya a wancan zamani, muƙamin hafsa a rundunonin doki da na ƙafa saye ake yi. Gwamnati ta ƙayyade farashi, na laftanar-kanar a sojan doki fam 6,175 ne, amma kowa ya san ana biyan ninkin-ba-ninkin hakan a bayan fage, musamman idan rundunar mai farin jini ce. Masu kare tsarin, har da Wellington wanda ya ci yaƙin Waterloo, suna da hujjarsu. Sun ce hafsan da ya fito daga gidan masu ƙasa ba zai juya bindiga kan gwamnati ba, domin yana da abin da zai yi asara, kuma Ingila ba ta manta da zamanin Cromwell ba, lokacin da soja suka riƙe mulki. Ban da haka, kuɗin da hafsa zai samu idan ya sayar da muƙaminsa su ne guzurinsa na ritaya. Sai dai illar a fili take: mai kuɗi yana tsallake mai gwaninta, komai daɗewarsa a bakin aiki.

Brudenell ya ci moriyar tsarin har ƙarshe. An haife shi a 1797, shi kaɗai ne namiji a cikin 'yan'uwa mata bakwai, ya tashi ba a saba ce masa a'a ba. Ya shiga soja a 1824, kuma kafin 1830 ta ƙare ya zama laftanar-kanar. A 1832 ya sayi shugabancin runduna ta 15 ta Hussars a kan kuɗin da aka ce sun kai fam 35,000, a zamanin da ƙaramin soja ke karɓar sule guda da 'yan kwabbai a yini. Bai cika shekara biyu ba aka tsige shi, bayan ya gurfanar da wani kyaftin mai suna Wathen a kotun soja, kotun ta wanke kyaftin ɗin ta kuma soki halayen kwamandan. Da talaka ne, shi ke nan an rufe babinsa. Amma yana da suruki a fadar sarki, kuma a 1836 aka sake damƙa masa wata runduna, wadda ke zaune a Indiya a lokacin. A 1837 ya gaji mahaifinsa, sarauta da dukiya suka haɗu a hannunsa.

Rundunar nan ce ta rako Yarima Albert sa'ad da ya sauka Dover a 1840 don auren Sarauniya Biktoriya. Saboda haka aka ba ta sunan yariman, aka mayar da ita Hussars, aka ba ta sabon kaki mai jan wando. Cardigan ya zuba kuɗin aljihunsa wajen sayen dawakai masu kyau da ƙawata mutanensa, ana ƙiyasta abin da yake kashewa da fam 10,000 a shekara. Ke nan adon da Grant ya zana ba ƙari ba ne. Haka yake sawa, haka yake hawa, kuma ko maƙiyansa sun yarda gwanin doki ne.

Yanzu a dubi abin da ya faru a watannin da suka gabaci zanen. A watan Mayun 1840, a wata liyafar hafsoshi a Canterbury, wani kyaftin mai suna John Reynolds ya sa aka kawo giya a baƙar kwalba aka ajiye a kan tebur. Cardigan ya zaci irin giyar da hafsoshin da suka yi aiki a Indiya suka saba sha ce, kuma ya tsani waɗannan hafsoshi, ga su kuwa su ne suka san aiki a zahiri. Ya aika wa kyaftin ɗin saƙon cin fuska, magana ta kai ga tsare shi, ta kuma fito jaridu. Daga nan duk inda Cardigan ya shiga gidan wasan kwaikwayo sai 'yan kallo su dinga yi masa ihun baƙar kwalba. A watan Satumba na wannan shekara ya yi fito-na-fito da bindiga da wani tsohon hafsansa, Harvey Tuckett, a filin Wimbledon, ya harbe shi ya ji masa rauni. Doka ta hana wannan, don haka aka gurfanar da shi a watan Fabrairun 1841. Da yake mai sarauta ne, 'yan'uwansa masu sarauta ne suka yi masa shari'a a majalisarsu. Aka sallame shi a kan cewa masu ƙara ba su tabbatar da cewa Kyaftin Harvey Tuckett da aka harba shi ne Harvey Garnett Phipps Tuckett da aka rubuta a takardar tuhuma ba. Jama'a suka ce doka biyu ce a ƙasar, ta masu hali daban, ta talakawa daban. Ƙurar ba ta lafa ba sai ga shi ya sa an yi wa wani soja bulala ranar Lahadin Ista, a ɗakin koyon hawa inda aka gama ibada ba da jimawa ba.

A wannan yanayi ne aka yi zanen Grant. A jaridu sunan mutumin ya zama abin zagi, a jikin allon zane kuwa babu ko ƙura a takalminsa.

Grant bai ƙirƙiro wannan salo ba. Zanen mai mulki a kan doki tsohuwar al'ada ce a Turai. Titian ya zana Sarki Charles na Biyar a haka a 1548, Van Dyck ya zana Charles na Ɗaya na Ingila a haka, David ya zana Napoleon yana ƙetare duwatsun Alps a kan ingarma mai tsalle, alhali kuwa alfadari ya hau a wannan tafiya. Ma'anar ba ta canzawa: wanda ya iya sarrafa dabba mai ƙarfi da linzami a hannu ɗaya, ya iya sarrafa mutane. Mu da muka tashi muna jin makaɗan fada mun san irin wannan aiki. Maroƙi ba lallai ya yi ƙarya ba, idan ya ce ubangidansa jarumi ne mai kyauta sau da yawa haka ɗin ne, sai dai ba a taɓa jin ya sa bashin da ake bin ubangidan a cikin kirari ba. Grant, wanda shi kansa ɗan gidan masu ƙasa ne a Scotland kuma mai sha'awar dawakai da farauta, ya san abin da masu biyansa ke so. Wannan sani ne ya kai shi har ya zama shugaban babbar cibiyar masu zane ta Ingila a 1866.

Yaƙin Kirimiya, wani yanki a gaɓar Bahar Aswad, shi ne ya kawo ranar da aka gwada mutumin da ke cikin zanen. A 1854 Birtaniya da Faransa suka shiga yaƙi da Rasha a ɓangaren Daular Usmaniyya. Aka ba Cardigan birged ɗin dawakai masu ɗauke da ƙananan makamai, aka kuma sa shi a ƙarƙashin Lord Lucan, wanda ke auren ƙanwarsa. Surukan nan biyu sun shekara da shekaru ba sa ga maciji, kuma duk Landan an san haka, amma aka haɗa su. Tun kafin a isa Kirimiya Cardigan ya jagoranci wani sintiri a Bulgeriya zuwa gaɓar kogin Danube wanda ya kashe wasu dawakai ya nakasa da yawa. Da aka kafa sansani kusa da Sebastopol, birnin da Rashawa ke riƙe da shi a Kirimiya, sai ya sami izinin kwana a jirgin ruwansa na shaƙatawa mai suna Dryad a tashar Balaklava, mutanensa kuwa suna kwance a tantuna.

Ranar 25 ga Oktoban 1854 sojojin Rasha suka ƙwace wasu ganuwoyi da sojojin Turkiyya ke tsare da su a kan wani tudu kusa da Balaklava. Babban kwamanda, Lord Raglan, yana can saman tsauni yana hangen komai, ya ga kamar Rashawa na shirin janye igwogin da suka kama. Ya aika da gajeriyar takarda cewa sojan doki su ci gaba da sauri su hana abokan gaba tafiya da igwogin. Lucan yana ƙasa a kwari, ba ya ganin abin da Raglan ke gani. Ya tambayi mai kawo saƙon, Kyaftin Louis Nolan, waɗanne igwogi ake nufi. Nolan, wanda ya raina Lucan, ya wurga hannu cikin fushi, kuma inda hannun ya nuna shi ne ƙarshen kwarin, wajen da manyan igwogin Rasha ke jere suna fuskantarsu. Lucan ya ba Cardigan umarni. Cardigan ya nuna masa cewa akwai igwa a gaba, akwai a dama da hagu. Lucan ya ce ya sani, amma umarni ne.

A nan dole a yi wa mutumin adalci. Ya hau jan dokinsa Ronald, ya wuce gaban sahu, ya ja mahaya kimanin 670 cikin kwari mai tsawon kusan kilomita 2, wuta na zubo musu ta fuska uku. Bai waiwaya ba, bai kauce ba. Nolan na cikin waɗanda aka fara kashewa. Cardigan ya isa igwogin, ya ratsa tsakaninsu, ya yi kiciɓis da mahayan Cossack na sojan Rasha, har mashi ya ɗan yanke shi a cinya. Wannan ba aikin matsoraci ba ne, kuma duk wanda ya ce ba shi da zuciya bai faɗi gaskiya ba.

Abin da ya biyo baya ne matsalar. Ya juya dokinsa ya komo shi kaɗai, yayin da sahun baya ke isowa, wasu kuma ke can bayan igwogin suna sara da suka. Bai tsaya ya tattara su ba, bai ba da umarnin yadda za a janye ba. Ƙananan hafsoshi ne suka haɗa ragowar suka fito da su, sojan dokin Faransa kuma suka taimaka ta hanyar kashe bakin igwogin da ke gefe ɗaya. A ganinsa, ya kai birged ɗinsa inda aka ce ya kai ta, kuma ba aikin janar ba ne ya tsaya yana gwabzawa a cikin ƙananan sojoji. Da aka yi ƙidaya bayan abin da bai wuce minti 25 ba, mutum 195 ne kawai ke kan dawakansu. Sama da 100 sun mutu, fiye da haka sun ji rauni ko an kama su, dawakai sama da 300 sun halaka.

Makonni kaɗan bayan haka wani matashin mai zane ɗan Glasgow, William Simpson, ya iso Kirimiya. Wani kamfanin buga hotuna na Landan ne ya turo shi. Bai ga harin da idonsa ba, don haka ya je ya duba kwarin, ya tambayi waɗanda suka tsira, ya yi zanensa, sa'an nan ya kai wa Cardigan a jirginsa don ya amince. Simpson da kansa ya ba da labarin daga baya. Cardigan ya dubi takardar ya ce duk ba daidai ba ne. Simpson ya koma ya sake, ya kawo, aka sake ƙi. A karo na uku ne aka karɓa da yabo, kuma Simpson ya faɗi dalilin: a wannan karon ya kula sosai ya fito da Cardigan fili a gaban rundunar, yadda ido zai fara sauka a kansa.

Wannan ɗan labari ya fi min kowane dogon bayani. Ga mutum wanda birged ɗinsa ta tarwatse, dawakan da suka rage suna mutuwa da yunwa da sanyi a kan tudu, amma yana da lokacin da zai sa a sake zane sau uku saboda girman surarsa a ciki. Kuma zanen da ya amince da shi ne aka buga aka sayar a Ingila, sahu-sahu a miƙe, kamar ana fareti. Mai saye a Landan ba shi da hanyar sanin cewa wanda aka zana ne ya tace abin da yake kallo.

A watan Disamba Cardigan ya bar Kirimiya bisa dalilin rashin lafiya, ya isa gida a farkon 1855. Rahoton wakilin jaridar Times, William Howard Russell, da waƙar da marubucin waƙoƙin Ingila Tennyson ya rubuta sun riga sun sa harin a bakin kowa. Jama'ar da ta gaji da labarin cuta da sakaci tana neman gwarzo, sai ga shi ya sauko daga jirgi. Mutanen da suka yi masa ihu a 1841 su ne suka yi ta tururuwar ganinsa. Mujallar Punch, wadda ba ta saba raga wa manya ba, ta zana shi yana afka wa igwogi da takobi. Shaguna suka cika da hotunansa, aka sa wa wata rigar sanyi ta saƙa mai maɓallai sunansa, aka naɗa shi babban sufeton sojan doki. Ya yi ta jawabai a wajen liyafa, kuma labarin yana ƙara armashi a bakinsa.

Zanuka biyu na wannan lokaci suna gidan gadonsu, Deene Park, a yankin Northamptonshire. Ɗaya na Alfred de Prades ne, Cardigan a kan Ronald yana jan hari. Ɗayan na James Sant ne, yana nuna shi yana ba Yarima Albert da 'ya'yan sarauniya labarin Balaklava. Labarin da ake bayarwa game da wannan na biyun shi ne da farko har da Sarauniya Biktoriya a ciki, daga baya aka shafe ta saboda ba ta son a ganta tare da shi bayan abin kunyar da ya shiga. Tun matarsa ta fari na raye yake tare da Adeline de Horsey a bainar jama'a, kuma ya aure ta a 1858, watanni kaɗan bayan rasuwar matar. Abin lura a nan shi ne, ikon gyara zane ba a hannunsa kaɗai yake ba. Wanda ya fi shi ƙarfi shi ma yana iya cewa a goge.

Duk waɗannan zanuka na yaƙi wuri ɗaya suke tsayawa, wato lokacin tafiya zuwa igwogin. Dawowar ba ta cikin abin da Cardigan ke son a rataya a bango. Amma waɗanda suka kasance a kwarin suna da baki, kuma da suka fara dawowa gida sai magana ta canza. Wani kwamitin bincike ya ambaci sunansa da na Lucan game da asarar dawakai a lokacin hunturu, kodayake wani zaman janar-janar a Chelsea a 1856 ya wanke su. A wannan shekarar kuma Somerset Calthorpe, wanda ya yi aiki a ofishin Raglan, ya buga littafin da ya nuna cewa Cardigan ba ya wurin a lokacin da aka fi bukatarsa. Cardigan ya yi shekaru yana neman a janye maganar, a ƙarshe ya kai ƙara a 1863. Sojojin da suka tsira suka ba da shaida a rubuce, wasu a wannan ɓangare, wasu a wancan. Kotu ta gamsu cewa lalle ya isa igwogin, amma ba ta ba shi abin da ya nema a kan Calthorpe ba, kuma shari'ar ta sa duk ƙasar ta ji dalla-dalla yadda ya dawo ya bar mutanensa. Ya shiga kotu don ya kare rabin farko na labarin, sai rabi na biyu ya fito fili.

Ana iya zaton kyamara ce ta karya wannan al'ada, tunda Kirimiya na cikin yaƙe-yaƙen farko da aka ɗauki hotunansu. Ba haka abin ya kasance nan take ba. Roger Fenton ya iso ne a watan Maris na 1855, bayan Cardigan ya tafi, kuma na'urarsa ba ta iya kama abu mai motsi. Abin da ya kawo gida hotunan hafsoshi ne a tsaye ko a kan dawakai sun natsu, da tantuna, da fili. Ko shahararren hotonsa na hanya mai cike da ƙwallayen igwa ba kwarin da aka kai harin ba ne, wani wuri ne daban kusa da Sebastopol. Duk da haka kyamarar ta yi wani abu da fenti bai saba yi ba: ta nuna kaki ya yamutse, gemu ya yi buzu-buzu, doki ya rame.

Babban sauyin ya zo ne daga canjin ra'ayin jama'a game da wanda ya cancanci a zana. Wahalar da ƙananan sojoji suka sha a Kirimiya ta sa 'yan Ingila suka fara ganinsu a matsayin mutane masu suna. A 1856 aka ƙirƙiro lambar yabo ta Victoria Cross, wadda ba ta duba muƙami. A 1871, shekara uku bayan mutuwar Cardigan, gwamnatin Firaminista Gladstone ta soke sayen muƙamin soja. Sai kuma a 1876 wata mai zane, Elizabeth Thompson, wadda daga baya aka sani da Lady Butler, ta fito da zanenta na Balaklava, wanda yanzu yake Manchester. Ta zaɓi daidai wurin da zanukan Cardigan suka tsallake. Mutane ne ke hawowa daga kwarin, wasu a ƙasa, wasu sun rungumo 'yan'uwansu a kan sirdi, dawakai na tangaɗi. A tsakiya akwai wani soja a tsaye, takobi a hannu da jini, idanunsa a buɗe amma ba ya ganin kowa. Wanda ya tsaya mata ta zana wannan sura, William Pennington, yana cikin waɗanda suka kai harin, kuma daga runduna ta 11 ta Hussars yake. Jan wandon da ke jikinsa irin wanda Grant ya zana ne shekaru 35 kafin nan, sai dai wannan karon ƙaramin soja ne ke sanye da shi, kuma zanen ba ya bukatar kwamandan.

Iyalinsa ba su bar fagen ba. Cardigan ya mutu a watan Maris na 1868 bayan ya faɗo daga doki kusa da gidansa. Adeline ta sa Joseph Edgar Boehm ya sassaƙa musu kabari na farin dutse a cocin Deene, shi a kwance, ita a gefensa, tun tana da ranta, kuma ta rayu har 1915. Da Ronald ya mutu aka adana kansa da jelarsa a gidan. A daidai wannan zamani wasu daga cikin mahayan da suka bi shi cikin kwarin suna ƙare rayuwarsu a gidajen gajiyayyu, har sai da aka kafa asusun taimaka musu a shekarun 1890. Wannan bambanci yana ci min rai fiye da duk wani abu a labarin.

A ƙarni na 20 sai abin ya juya gaba ɗaya. Littafin da Cecil Woodham-Smith ta fitar a 1953, da wani fim na 1968, suka kafa sabuwar surar Cardigan a zukatan mutane: wawan mai kuɗi, mai girman kai, wanda ya kai mutane mahallaka. A yau wannan ce surar da aka fi sani, kuma akwai gaskiya mai yawa a cikinta. Amma ita ma ta yi nata tsallaken. Ba Cardigan ne ya rubuta umarnin da ba a gane ba, Raglan ne ya bayar. Ba shi ya nuna kwarin da ba daidai ba, Nolan ne. Ba shi ke da ikon tsayawa ya nemi ƙarin bayani daga sama ba, Lucan ne, kuma Lucan ɗin aka kira gida a 1855, duk da cewa daga baya ya kai muƙamin fil mashal. Akwai ma shaidar cewa da yawa daga ƙananan sojojinsa suna ganin girmansa, kuma yakan taimaka wa wasunsu da kuɗi idan sun shiga matsala. Hafsoshin da ke kusa da shi ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa.

Laifinsa na gaskiya yana kafin harin da kuma bayansa. Kafin harin, ya shekara 20 yana korar ƙwararru daga rundunarsa saboda ba su fito daga irin gidansa ba, kuma gabarsa da Lucan ta kai inda mutum biyu da rayukan ɗaruruwa ke hannunsu ba sa iya tsayawa su yi shawara ta minti biyar. Bayan harin, ya bar mutanensa a kwari, ya bar su a hunturu, ya tafi gida ya karɓi yabon da jininsu ya saya. Ɗora masa alhakin umarnin kuwa yana sauke nauyi ne daga kan waɗanda suka naɗa shi sau biyu bayan kotun soja ta riga ta nuna halinsa tun 1834, suka kuma sa shi ƙarƙashin mutumin da suka san ba ya magana da shi.